Sallamar da Ta Maƙale a Kufai

Bayan sallar isha'i aka ɗauke wuta, sai 'yan gidan Malam Ɗahiru suka fito tsakar gida da tabarma. Tasi'u, ɗan gwaggonsu, ya zo musu hira. Murja ta ɗauko sabuwar laftof ɗinta ta ajiye a gabansa, ƙanenta Sadisu ya tsuguna a gefe da tocila. Ta ce ta sa wani wasa na takubba da dodanni, tana so ya koya mata yadda ake liƙa masa mod, har ta ji kamar tana ciki da gaske. Tasi'u ya daɗe yana kallon laftof ɗin. Ya sa yatsa ɗaya ya rufe ta, sannan ya fara magana ƙasa-ƙasa.

Ku matso. Sadisu, kashe tocilar nan, tana shiga min ido. Ke kuma taubashiyata mai son jin kamar tana ciki, buɗe kunnenki. Ni ma abin da na nema ke nan. Na kuwa samu.

Shekara huɗu ke nan. Na gama makaranta, babu aiki, ina ɗakin zauren gidanmu. Na sami wasa irin naki. Duwatsu, ƙanƙara, garuruwa masu ganuwa, kai da takobinka kana yawo. Mako biyu na yi ina jin daɗi, sai abin ya fara ba ni haushi. Mutum ya yi tafiyar kwana goma bai ci komai ba. Ya faɗa kogi ya fito a bushe. Ga wata kibiya a saman allo tana jan ka kamar akuya da igiya.

Sai na gano mod. Sadisu, mod wasu 'yan gyare-gyare ne da masu buga wasan ke haɗawa da kansu, su ɗora a intanet, kai kuma ka sauke ka liƙa wa naka. Wannan ya kawo yunwa. Wancan ya kawo sanyi, in ba ka hura wuta ba ka daskare. Wani ya cire kibiyar, dole ka tambayi hanya.

Waɗanda suka sani sun ce ka sa ɗaya, ka gwada, sannan ka ƙara. Ni wa? Arba'in da biyu na zuba rana ɗaya. Na danna. Allo ya yi baƙi, wasan ya fita da kansa. Na sake. Ya sake fita. Ashe su ma suna da jeri, dole wani ya bi bayan wani, in ka sa ƙane a gaban wa sai faɗa ya kaure. Babu kuma mai gaya maka wanda ya fara. Ka cire rabi, ka gwada. Ka mayar, ka cire ɗaya rabin. Kana sauke wani babba, saura ƙiris, data ta ƙare. Ka sayo, a ɗauke wuta. Akwai ranar da na zauna ina kallon bango har aka kira la'asar.

Wanda ya fi cin raina shi ne na tafiya. An ce zai sa mutanen wasan su riƙa taku irin na mutane. Na sa. Na shiga kasuwa, na tarar ƙafar kowa ta juya. Diddige a gaba, yatsu a baya. Sarki, maƙeri, mai sayar da burodi, duk haka. Kwana tara ina neman dalili. Ashe wani ɗan fayil ne na ƙasusuwa na manta ban sa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wata rana Inna, gwaggonku, ta kawo min kunu. Lokacin yanar idonta ta yi ƙarfi, inuwa-inuwa kawai take gani. Ta tsaya a bayana.

"Me mutumin naka yake yi?"

"Ya shiga gidan wasu ne, Inna."

"Ban ji ya yi sallama ba."

"Ba a yi a nan."

"Yanzu kuma ƙarar mece ce?"

"Akwati yake buɗewa."

"Na masu gidan? Suna tsaye?"

"Suna tsaye."

"Ashe ɓarawo kake kiwo a ɗaki," in ji ta. Ta ajiye kunun ta fita.

Kun san Inna da sallama. Tun da idon ya tafi, da ita take gane mu. Wana Yaya Mamuda yana jan tasa, ni ina guntule tawa. Kafin ka rufe baki ta kira sunanka daga ɗaki. Maganarta ta zauna min a rai, don gaskiya ta faɗa. Na sa yunwa, na sa sanyi, amma ban taɓa jin ina ciki ba. Wa na sani da zai afka gidan mutane haka? Na bincike intanet kaf, babu mod na sallama. Na ce to, ni zan haɗa.

Wata guda na yi ina koyo. Abin da nake so ba shi da yawa. Ka isa ƙofa, mutuminka ya yi sallama, a amsa daga ciki, sannan ƙofar ta buɗe. Na haɗa komai. Saura murya.

Ku gwada ɗaukar murya a Funtuwa ku gani. Na kunna waya, injin markaɗe ya tashi. Ya tsaya, mashin ya wuce. Ya wuce, zakaran maƙwabta ya ce ga shi nan. Na shiga cikin bargo, na fito kamar an tsamo ni daga rijiya. Kwana uku ban sami sallama ɗaya mai tsafta ba. Raina ya ɓaci. Na ɗauki mashin ɗin Yaya Mamuda na nufi kufan Gidan Barau, can bayan gonakin auduga, inda mutane suka tashi tun da rijiyarsu ta ƙafe.

Rana tsaka na isa. Inna ta sha gaya mana ba a shiga kufai da rana tsaka. Na tuna. Na ce camfi ne.

Shiru. Babu tsuntsu. Babu iska. Katangu duk sun zube, sai zaure ɗaya a tsaye. Ƙofarsa a share take, har da sawun tsintsiya. Na gani da idona. Ban tsaya na tambayi kaina wa ke shara a kufai ba. Abin da na lura da shi kawai, zauren yana mayar da murya da kyau.

Na tsaya a bakin ƙofa. Na kunna waya.

"Salamu alaikum."

Na saurara. Na yi sauri da yawa. Na sake, maƙogwaro ya shaƙe. Na yi ta uku.

Sadisu, sau nawa ake sallama a ƙofar mutane? Yauwa. Uku. In ba a amsa ba, ka kama gabanka. Yaron da bai fara makarantar allo ba ma ya san wannan. Ni na yi ta huɗu. Na yi ta biyar. Wannan ta yi tsawo, waccan ta yi sanyi, ina ta tsaki ina sakewa. A ta goma sha bakwai na sami mai kyau. Na yi tsit, don ana barin ɗan shiru a ƙarshen ɗauka.

A cikin shirun nan wani sanyi ya fito daga zauren ya taɓa min ƙafa, irin wanda kake ji in an buɗe randa. Na kashe waya na hau mashin.

A gida na sa iyafis a kunne ina saurare. Ta goma sha biyar. Ta goma sha shida. Ta goma sha bakwai. Sai shirun. A ƙarshensa, wata murya. Ta tsoho. Ƙasa-ƙasa, kamar wanda aka tasa daga barci.

"Wa alaikumus salam."

Murja, ki ce na tsorata. Wallahi murna na yi. Da ma na rasa wanda zan roƙa ya yi min muryar mai amsawa. Na ce wani makiyayi ne ya kwanta a inuwar zauren. Na yanke muryar, na liƙa wa kowace ƙofa da ke cikin wasan, ƙofa dubu da wani abu. Na danna ina jiran baƙin allo. Bai zo ba. Karon farko a rayuwata abu ya yi aiki a gwajin farko. Daɗi ya kwashe ni, a ranar na ɗora shi a intanet, kyauta, kowa ya sauke.

Washegari da hantsi ina bugawa. Na isa wani ƙauye cikin ƙanƙara. Mutumina ya yi sallama da muryata, aka amsa, ƙofa ta buɗe. Wani tsoho a tsaye. Baƙi, siriri, da 'yar shara da hula haɓar kada. Ni ban sa shi ba. Na duba ƙasa.

Diddige a gaba. Yatsu a baya.

Na buga tebur har kofi ya faɗi. Na ce, "Kai! Ta dawo!" Kun gane? Wani zai yi salati ya gudu. Ni kwana tarana na tuna. Na fita na duba fayil ɗin ƙasusuwa. Yana nan lafiya. Na koma kasuwa, ƙafar kowa daidai. Na je gida na gaba. Shi ne ya buɗe. Na gaba, shi. Na gaba, shi, yana haki kamar ya sha gudu. Ina ta rubuta sunayen mod ɗin da zan cire.

A gida na bakwai bai kalli mutumina ba. Ni ya kalla.

"Yaro, ba ka gajiya?"

Babu wannan maganar a abin da na ɗauko. Na zare iyafis ɗin na jefar.

"Na ce ba ka gajiya?"

Na rufe laftof na fita ba takalmi. Cikin gida na nufa, wurin Inna. Na tsaya a ƙofar ɗakinta na yi sallama. Tana zaune tana jan carbi, taku uku tsakaninmu. Ba ta ɗago ba. Na sake da ƙarfi. Na yi ta uku. Na shiga.

Ta ji takuna ta zabura, carbin ya faɗi.

"Wane ne?"

"Ni ne, Inna."

"Tasi'u? Yaushe ka fara faɗo min ba sallama?"

"Na yi, Inna. Sau uku."

"Idona ne ya mutu, ba kunnena ba." Ta lalubo carbinta. "Ɓarawon nan da kake kiwo ya koya maka halinsa."

Komai na faɗa ana ji. Sannu, ina kwana, ba ni ruwa. Sallama ce kaɗai ba ta isa kunnen kowa. Ni ina jin ta a bakina, tana fita, sai ta ɓace. Na gwada a shago. Na gwada a majalisa, aka fara cewa Tasi'u ya yi boko ya daina gaida mutane. Na ɗauka a waya, na kunna, babu komai.

Duk wannan da sauƙi. Inna ce. Kwana goma ba ta kira sunana daga ɗaki ba. Duk sanda na shiga sai ta firgita. Matar da ba ta taɓa rufe ƙofa da rana ba ta fara turo ƙyaure. Na ji da kunnena tana ce wa Yaya Mamuda, "Ɗan'uwanka ya raina ni don ba na gani." Na tsaya a bayan ɗakin, na rasa inda zan sa kaina. Me zan ce mata? Aljani na cikin kwamfuta?

Na goge mod ɗin daga laftof. Na cire shi daga intanet. Amma kafin na cire, mutum sittin da uku sun sauke. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su goge. Yawanci ba su amsa ba. Wasu dariya suka turo. Wani daga wata ƙasa mai nisa ya rubuto cewa bai taɓa ganin mod mai kyau irin wannan ba, musamman tsohon, yaya aka yi na sa yake fushi haka? Saura kaɗan na fasa wayar.

Na koma kufai. Ni kaɗai, don ban san yadda zan yi wa kowa bayani ba. Rana tsaka kuma, don lokacin na same shi.

Ƙofar ba a share take ba wannan karon. Ganye ya taru. Na tsaya. Sallama ba ta fita, sai na yi gyaran murya.

"Shigo."

Yana zaune a kan buzu, ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu. Sau ɗaya na kalle su. Ban ƙara ba. Akwai ƙanƙara a kafaɗar rigarsa, tana narkewa.

"Ka zo."

"Na zo, Baba."

"Mutanen nan suka tashi, na ce alhamdu lillahi, zan huta. Sai ga ka. Na yi shiru sau uku don ka gane. Na yi shiru sau goma. Na ga ba ka da niyyar tafiya, sallama kuma haƙƙi ce. Na amsa. Laifina ke nan."

"Ka yafe min, Baba."

"Yanzu ko'ina kira na ake yi. Da muryarka. Ban rufe wannan ƙofar ba an kira a waccan. Ko shara ban samu na yi ba. Wane irin gari ne wannan da rana ba ta zafi?"

"Na goge."

"Naka ka goge."

Na durƙusa. Na ce, "Ka mayar min da ita. Mahaifiyata ba ta gani. Da ita take gane ni."

"Ba ni na ɗauke ba. Kai ka rabar. Duk wadda ka yi yanzu, sawun 'yan'uwanta take bi ta zo kunnena. Ranar da na ƙarshensu ya daina kira, za ta dawo maka."

"Yaushe ke nan?"

"Ni ma tambayar da nake yi ke nan."

Ni da shi, kowa ransa a ɓace. Can ya ce, "Ba ta gani ko kaɗan?"

"Sai inuwa."

Ya yi tsaki mai tsawo. "Ƙofa ɗaya zan iya toshe kunnena a kanta. Ɗaya. Faɗa min kamanninta."

"Ta ɗakin Innata. Ƙyauren katako, shuɗi, ya tsage ta ƙasa."

"Muddin wannan ƙyauren yana tsaye, ni ba zan ji ba. Ita za ta ji." Ya karkata kai kamar mai sauraro. "Ka ji? Wani kuma. Tashi ka tafi."

Ya miƙe yana mita, ya shige duhun zauren. Shi yana tafiya ciki, sawunsa a ƙasa yana nufo ni. Ban san yadda na tayar da mashin ba.

Rana tsaka na shiga zauren nan, amma sai ana shirin kiran magariba na isa gida. Ƙyauren Inna a ture. Na tsaya a gabansa. Na yi sallama, a guntule, irin tawa.

"Tasi'u!" in ji ta. "Wa alaikumus salam. Ina ka shiga duk kwanakin nan?"

Alhali kullum ina gidan. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba na ɓoye muku.

To, kun tuna bara, da Yaya Mamuda ya kawo ƙofar ƙarfe da magina, na kwanta a bakin ɗakin Inna na ce sai dai a bi ta kaina? Duk dangi suka ce na taɓu. Ke Murja har da riƙe ciki, wai na auri ƙyaure. Yanzu kin ji. Gara ta ci ƙasansa. Duk wata sai na shafa masa baƙin mai, ina ɗaga shi da hannu in zan buɗe don kada ya ƙara tsagewa. Ban san shekara nawa ya rage masa ba. Na yi ta sa rai mutanen nan sittin da uku za su gaji. Watan jiya na ga wani ya sake ɗora mod ɗin a wani shafi, ba da izinina ba. Mutum ɗari huɗu sun sauke.

Zan koya miki, ba na ƙi ba. Ki sa ɗaya, ki gwada, ki ajiye kwafi kafin ki taɓa komai. In zakara ya shiga muryarki, ki bar shi, ai gida ba ya rasa zakara. Amma hanyar bayan gonakin audugar nan, kada ɗayanku ya bi ta shi kaɗai. Kuma duk ƙofar da kuka yi wa sallama sau uku aka yi shiru, ku juya. Mai yiwuwa ana jin ku sarai.

Nan Tasi'u ya tsayar da labarin. Gyare ne kawai ke kuka a gindin randa.

Murja ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Ƙarya kake yi, Yaya Tasi'u. Don kada ka koya min ne."

"Ɗazu da na shigo, me kuka ji?"

"Tafi ka yi," in ji Sadisu.

"Shekaranjiya fa?"

Sadisu ya ce, "Makulli ka buga a ƙofa."

Tasi'u ya miƙe ya sa takalminsa. "Kunna tocilar, ka haska fuskata."

Ya fita zaure. Suka ji takunsa ya tsaya, ya juyo. Ya tsaya a bakin ƙofa cikin hasken tocila, ya ja numfashi. Suka ga bakinsa ya buɗe, leɓɓansa na motsi, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya rufe baki ya tako ciki.

Daga ɗaki mahaifiyarsu ta ɗaga murya.

"Wane ne kuma ya shigo mana ba sallama?"